Rana a Kanmu, Gas a Bakin Teku: Wace Wuta Ta Fi Dacewa da Tamale?

A watan Maris, idan rana ta take tsaka a Tamale, ko sirdin babur ba ya hawuwa sai an shimfiɗa masa tsumma. Zafi yakan haura maki 40. A irin wannan lokaci nakan bi ta Zangon Hausawa in tarar da wata baiwar Allah mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo, wanda a nan ake ce wa sobolo, ta ɗaga murfin firjinta tana latsa ledoji da yatsa don ta ji ko sun daskare. Jarinta kaf yana cikin wannan akwatin. In wuta ta tsaya daga hantsi zuwa La'asar, ranar ta ci riba. In aka ɗauke, ledojin su saki, sai ta karyar da su ko ta raba wa yaran unguwa. Kwanon rufin ɗakinta kuwa, a daidai wannan sa'a, ba ka iya ɗora masa tafin hannu. Ƙarfin da take nema ta daskarar da ruwa yana kwarara a kan rufinta kyauta, amma akasarin wutar da ke juya injin firjin daga bakin teku aka turo ta, tafiyar sama da kilomita 600.

Wutar da ke yawo a babban layin lantarki na Ghana daga tushe biyu take fitowa. Akwai wadda ake samu daga abin da ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, wato ruwa da rana da iska, abin da ake kira makamashi mai sabuntuwa. Akwai kuma wadda sai an haƙo abu daga ƙasa an ƙone: iskar gas, ɗanyen mai, dizal. A 'yan shekarun nan, kusan kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar daga ƙonawa ne. Kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai daga manyan madatsun ruwa uku yake, Akosombo da Kpong da Bui. Hasken rana bai kai kashi 2 cikin 100 ba, iska kuma babu wata babbar tasharta a kan layin. Wannan ƙaramin kaso na rana shi ne abin da ya hana ni sukuni, domin ni da mai zoɓon nan mun san abin da rana take yi a garin nan.

Mai karatu na iya mamaki in aka ce masa Ghana ta fara ne daga inda ƙasashen Turai suke fafutukar kaiwa yau. Da Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar Akosombo a Janairun 1966, kusan duk wutar babban layin ƙasar ta koma ta ruwa. An tare Kogin Volta, aka samu tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi mutum kusan 80,000 daga garuruwansu da kaburburan iyayensu. Kaso mai tsoka na wutar ya tafi ga kamfanin narkar da alminiyam na VALCO da ke Tema, a farashi mai rahusa, domin da shi aka ƙulla aikin tun farko. A 1982 aka ƙara da Kpong a ƙasan Akosombo.

Ruwan da ke juya waɗannan injina daga ina yake? Daga wajenmu. Damina in ta sauka a gonakin Savelugu da Kumbungu da Walewale, da can cikin Burkina Faso, sai ta gangara Farar Volta, ta wuce Nawuni inda ake jawo wa Tamale ruwan sha, ta wuce ƙarƙashin gadar Yapei. Baƙar Volta ta biyo ta Buipe, Kogin Oti ya biyo ta gabas, duk su haɗu a tafkin. Amma duk da haka Arewa ta shafe sama da shekara ashirin tana aika ruwa Kudu ba tare da waya ta dawo mata da wuta ba. Tamale da Bolgatanga da Wa injinan dizal suka dogara da su, ƙauyuka kuma aci-balbal da fitilar ƙwai. Sai a ƙarshen shekarun 1980, zamanin Jerry Rawlings, aka ja babban layin zuwa Arewa. Hukumar Kogin Volta, wato VRA, ita ta ɗauki rabon wutar a nan, shi ya sa har gobe mutumin Tamale in zai biya kuɗin wuta sai ya ce zai je VRA, ko da yake kamfanin da ke rabon yanzu NEDCo ne, reshen hukumar, mai hedikwata a cikin garin nan, wanda yankinsa ya kai kusan kashi 64 cikin 100 na faɗin ƙasar Ghana.

Wutar ruwa tana da araha, musamman ta tsohuwar madatsa da aka daɗe da biyan bashin gininta. Ba ta hayaƙi, ba a sayo mata mai. Aibinta ɗaya ne, amma babba: baiwar damina ce. Dattawa ba su manta 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da aka koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya. Tafkin ya ja baya, aka shiga rabon wuta. Aka maimaita a 1998, aka sake a 2006 zuwa 2007, lokacin da ruwan ya sauka ƙasa da ƙafa 240, ma'aunin da bai kamata injinan su yi aiki a ƙasansa ba. Ga kuma ɗaya gefen: a Satumbar 2023 ruwa ya cika har ya kusa ƙafa 278, iyakar abin da madatsar ke ɗauka, dole aka buɗe ƙofofi, ambaliya ta cinye Mepe da garuruwan da ke ƙasa, dubun dubatar mutane suka rasa matsuguni. Duk wanda ya ce makamashi mai sabuntuwa ba shi da illa, bai tambayi mutanen Mepe ba, bai kuma tambayi manoman bakin Farar Volta da ke asarar masara da shinkafa kusan duk shekara in aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso ba.

Fari ne ya kawo gas, wannan sai a yi masa adalci. A 1997 aka fara aiki da tashar Aboadze kusa da Takoradi, tana ƙona ɗanyen mai, domin ƙasar ta gane ba za ta rataya masana'antunta da asibitocinta a wuyan girgije ba. Daga baya aka shimfiɗa bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, daga Legas ya bi ta teku ya ratsa Benin da Togo ya iso Tema da Takoradi. A 2007 aka gano mai a rijiyar Jubilee, aka fara haƙa a Disambar 2010, aka gina matatar gas a Atuabo, a 2018 kuma gas ɗin Sankofa ya shigo.

Abin da tashar gas ke da shi wanda rana ba ta da shi, shi ne biyayya. Ka kunna ta da tsakar dare ta tashi, ka kunna ta a tsakiyar fari ta tashi. Lokacin da 'yan Ghana suka fi jan wuta shi ne daga Magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da fitilu da fanka da talabijin da dutsen guga ke aiki gaba ɗaya, kuma a lokacin rana ta riga ta faɗi. Ɗakin tiyata a Asibitin Koyarwa na Tamale, da injinan turo ruwa na Dalun, da ɗalibin jami'ar UDS mai jarrabawa da safe, ba wanda zai iya jiran gari ya waye. Ta fuskar hayaƙi ma, gas yana fitar da kusan rabin abin da kwal ke fitarwa, kuma Ghana ba ta ƙona kwal a tashoshinta. Shirin gina irin wannan tasha a Ekumfi ya sha ruwa a 2016 bayan matasa sun tashi tsaye a kansa. Nahiyar Afirka dukanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Saboda haka ban yarda wani daga ƙasar da ta gina arzikinta da kwal ya zo ya ce mu kashe tashoshin gas gobe da safe ba. Ƙorafina a kan gas ya fi kusa da aljihun mai zoɓo fiye da taron sauyin yanayi.

Na farko, igiyarsa doguwa ce, kuma ko'ina tana iya tsinkewa. A watan Agustan 2012, wani jirgin dakon mai da 'yan fashin teku suka ƙwace a gaɓar Lome ya lalata bututun gas ɗin nan na Afirka ta Yamma. Gas ɗin Nijeriya ya tsaya kusan shekara guda. Daga nan aka shiga zamanin da 'yan Ghana suka sa wa suna dumsor, kalmar Twi mai ma'anar kashe-kunna, wanda ya ja har 2016. A 2015 akwai lokacin da ake ba unguwa wuta awa 12 a ɗauke awa 24. Masu walda suka zauna a bakin shago suna kallon titi, teloli suka koma keken ƙafa, masu injin niƙa da masu casar shinkafa suka koma dizal, kuɗin niƙan ya hau kan matan da ke sarrafa man kaɗe. Abin da ya faru a tekun Togo, mai ɗinki a Aboabo ya biya.

Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, gas da dala ake sayensa, ko da kuwa daga ƙarƙashin tekun Ghana ya fito, domin kamfanonin da ke haƙo shi da masu tashoshin da ke ƙona shi da dala aka ƙulla yarjejeniya da su. Mai zoɓo kuwa da sidi take ciniki. Hukumar PURC mai yanke farashin wuta tana duba shi duk wata uku, kuma cikin abin da take aunawa akwai canjin dala, da kuɗin man da aka ƙona, da yawan kason ruwa a kan na gas. Da sidi ya faɗi warwas a 2022, kuɗin wuta ya tashi da kashi 27 cikin 100 a Satumba, ya sake tashi da kusan kashi 30 a Fabrairun 2023, sannan da kashi 18 a watan Yuni. Wanda ke da mitar kati ya ga abin da idonsa: kuɗin da a da yake kai shi ƙarshen wata, sai ga mita tana kuka tun wata bai raba ba. In kuma gas ya yi ƙaranci, sai tashoshin su koma ƙona ɗanyen mai ko dizal, masu tsada ninki.

Akwai kuma abin da gaggawa ta jawo. A tsakiyar dumsor, ido ya rufe, aka rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi da dama da kamfanoni masu zaman kansu. Jirgin ruwan Karpowership na Turkiyya ya iso a ƙarshen 2015, injinan AMERI suka biyo baya, wasu suka ƙara. Yawancin yarjejeniyoyin an gina su a kan sharaɗin ko ka sha ko ba ka sha ba, sai ka biya. Wuta ta dawo, wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ɗanɗani dumsor ba zai raina hakan ba. Amma a 2019 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya shaida wa majalisa cewa ƙasar na biyan sama da dala miliyan 500 a shekara a kan ƙarfin wutar da ba ta amfani da shi. Bashi ya taru. A Oktobar 2024 tashar Sunon Asogli mai megawat 560 ta kashe injinanta saboda bashin dala miliyan 259 da take bi. A 2025 aka ɗora sidi ɗaya a kan kowace litar mai don rage bashin ɓangaren makamashi, wato ɗan acaɓa da mai keken yalo-yalo a Tamale suna biyan kuɗin gas tun a gidan mai, kafin su koma gida su kunna fitila. Ghana tana da injinan da za su ba da sama da megawat 5,000, alhali buƙatarta mafi girma a 2023 wajen 3,600 ce. In aka ɗauke wuta yanzu, sau da yawa ba injin aka rasa ba, kuɗin mai ne babu.

To, rana fa? Arewacin Ghana ya fi Kudu samun hasken rana nesa ba kusa ba, domin Kudu tana da damina biyu da yawan hadari, mu kuwa damina ɗaya ce sannan dogon rani. Farashin farantan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Tashar sola kuɗinta a gini yake. In an gama, shekara ashirin da biyar ba a sayo mata ko lita ɗaya, faɗuwar sidi ba ta ƙara wa hasken rana ko kwabo. Kuma ana iya gina ta kusa da mai sha, ba sai wuta ta yi doguwar tafiya tana zubewa a hanya tana isowa da rauni ba, matsalar da ta sa aka ja sabon layi mai ƙarfin kilobolt 330 daga Kumasi ta Kintampo da Tamale zuwa Bolgatanga. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai a duba abin da aka gina. Tashar Navrongo, ta farko a ƙasar, an buɗe ta a 2013, megawat 2.5. Lawra a 2020, megawat 6.5. Kaleo kusa da Wa, megawat 13 a 2022, aka ƙara 15 daga baya. In ka haɗa su duka megawat 37 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na jirgin Turkiyya guda ɗaya mai megawat 470 da ke tsaye a Sekondi ba. Hukumar Bui ta ɗauko aikin megawat 50 a kusa da Yendi, abin a yaba ne, amma har yanzu cikin cokali ne a gaban buƙatar.

Ba zan ɓoye aibin rana ba, domin na ga shi da idona. Wani mai shagon cajin waya a hanyar Lamashegu ya ɗora faranti biyu a rufinsa. A watan Janairu, da hunturu ya kankama, na ga ya hau tsani da bokiti da tsumma. Ya ja yatsa a kan gilashin, sai ga layi baƙi ƙirin a tsakiyar jar ƙura, kamar an yi rubutu a allo. Kwana uku kacal da wankewa. Ƙurar nan tana rage abin da farantin ke bayarwa, hazon da ke sama yana ƙara ragewa, kuma lokacin ya zo daidai da sa'ar da Tamale ke fama da ƙarancin ruwa, mata da yara na yawo da jarkoki. Tsananin zafi ma, saɓanin abin da mutane ke zato, rage ƙarfin farantin yake yi. In aka lissafa dare da rana, tashar sola tana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙarfin da aka rubuta mata, don haka megawat ɗaya na rana ba tsaran megawat ɗaya na gas ba ne. Batir na ajiye wuta don dare yana saukowa, amma har yanzu shi ne mafi tsada a kayan. Ga kuma ƙasa: megawat ɗaya na cin eka huɗu zuwa biyar, filayen Dagbon kuma a hannun sarakuna suke, a kansu akwai itatuwan kaɗanya da ɗorawa waɗanda mata ke ci da 'ya'yansu daga gare su. Tashar da aka share kaɗanya aka gina ba tare da an zauna da matan nan ba, zalunci ce ko da ba ta hayaƙi.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce kunnen doki aka yi: gas mai biyayya amma mai tsada, rana mai araha amma mai kwana da wuri. Abin da ya karya wannan kunnen doki a wurina yana Bui. Madatsar nan da ke kan Baƙar Volta, mai megawat 400, wadda kamfanin Sinohydro na Sin ya gina aka buɗe a Disambar 2013, ruwanta ba ya isa ta yi aiki dare da rana duk shekara. A 2020 hukumar ta buɗe filin sola mai megawat 50 a gefenta, daga baya ta shimfiɗa wasu farantan megawat 5 suna iyo a kan tafkin. Dabarar mai sauƙi ce. Da rana, sai farantai su ɗauki nauyi a rage sakin ruwa. Da Magariba ta yi, sai a buɗe wa injinan ruwan da aka tara. Tafkin ya zama rumbu: abin da rana ta noma da tsakar rana, a cikin ruwa ake ajiye shi. Kuma lokutan biyu suna cike giɓin juna, domin watannin da tafki ke ja baya su ne watannin da sama take tas babu gajimare, watannin hadari kuma su ne na cikar kogi.

Ƙasashe da yawa da ke son sola sai sun ciwo bashi sun sayi batir. Ghana tana da megawat 1,580 na ruwa tsakanin Akosombo mai 1,020 da Kpong mai 160 da Bui mai 400, an riga an gina, an riga an tashi mutanen da aka tasa. Kowace sa'a da rana ta riƙe layin, ruwa ne aka adana don dare ko don shekarar fari, ko kuma gas ne da ba a saya da dala ba. Wannan ne ya sa nake ganin kwatancin da ya dace ba tsakanin faranti ɗaya da injin gas ɗaya ba ne. Rana da ruwa in aka haɗa su sun fi ƙarfin abin da kowannensu ke yi shi kaɗai.

Me ya hana, to? Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 2011 majalisa ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa, gwamnati ta ɗauki alkawarin kai kason irin su rana da iska, ban da manyan madatsu, kashi 10 cikin 100 nan da 2020. Shekarar ta zo ta wuce, aka ɗage zuwa 2030. Har ma dakatar da ba da sabon lasisin manyan tashoshin sola da iska aka yi, ba a janye ba sai a 2023. Dalilin a fili yake: wanda ake cajinsa kuɗin wutar gas ko ya sha ko bai sha ba, ba ya ɗokin sayen wata wutar ko da ta fi araha. Sa hannun da aka yi cikin duhun dumsor shi ya tare wa rana hanya shekara da shekaru. Madatsar Pwalugu kuma, wadda Shugaba Akufo-Addo ya aza harsashinta a Nuwambar 2019, da alkawarin megawat 60 na ruwa da 50 na rana da noman rani da tare ambaliyar Bagre, har yau ba ta tashi ba. Wannan aikin da an yi shi, da shi ne Bui ta Farar Volta.

Maƙwabta suna nuna abin yana yiwuwa, suna kuma nuna haɗarin jinkiri. Burkina Faso, wadda ke sayen wuta daga Ghana ta layin Bolgatanga zuwa Wagadugu, ta buɗe tashar Zagtouli mai megawat 33 tun 2017. Nijar ta ɗanɗani dogaro da wutar wani lokacin da Nijeriya ta katse mata layi bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai raɗaɗi. Nijeriya, wadda kusan kashi uku cikin huɗu na wutarta gas ne, ga gas ɗin a ƙarƙashin ƙasarta, amma mutumin Kano ya fi sanin ƙarar janareto. Kenya kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga tururin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska da rana yake. Zambiya da ta rataya kusan komai a kan wutar ruwa irin ta Kariba ta kwana cikin duhu a farin 2024, irin darasin da Ghana ta koya a 1983.

Akwai laifin da yake namu, kuma rashin faɗarsa ha'inci ne. Satar wuta ta yi yawa a Tamale. Ana zagaye mita, ana saƙala waya da dare, wani lokaci ma'aikatan da suka zo dubawa a tare su da faɗa. Taransfoma ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta ƙone, unguwa ta kwana cikin duhu, mai gaskiya da ɓarawo duka. Babu mai zuba jarinsa ya gina tashar sola ya sayar wa kamfanin da ba ya iya karɓar kuɗinsa. Limamanmu da sarakunan Zango da masu unguwanni suna da bakin magana a nan, domin wutar da ba a biya ba haƙƙin jama'a ce, kuma mai zoɓon da ke sayen katinta da guminta ita ake ɗora wa.

Hukuncina shi ne: kada a rufe tashoshin gas da ke akwai, a bar su su yi gadin dare da shekarun fari, a kuma sake zama da masu su a rage sharuɗɗan biyan abin da ba a sha ba. Amma duk sabon megawat da za a gina daga yau, a fara neman sa a rana, a gina shi a Arewa inda ranar take, a ɗaure shi da ruwan Bui da Akosombo. A sa farantai a rufin asibitoci da makarantun kwana da tashar ruwan Dalun da rumfunan kasuwar Aboabo, a ba masu gidaje mitar da ke lissafa rarar da suka mayar wa layi, a koya wa matasanmu harhaɗawa da gyara a kwalejojin fasaha na garin nan.

'Yan majalisar da ke wakiltar Tamale da Sagnarigu da Yendi da Savelugu, in sun zo gaisuwar Sallah ko ta'aziyya, a tambaye su abu biyu: ina aka kwana a kan Pwalugu, kuma megawat nawa na rana za a kunna a Jihar Arewa kafin 2030. A nemi amsar da lamba da kwanan wata.